Inshora ta ƙi biyan kuɗin rage wa Baba raɗaɗi, Yaya kuma ya ce sallamawa ce

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ne ke kwance da tarin fuka, irin mai bijire wa magani. Karo na biyu ke nan ana canza masa haɗin magunguna, kuma likitoci sun ce huhunsa ɗaya ya riga ya lalace. Da dare ba ya iya kwanciya, sai dai a jingina shi da filo yana haki. Tafin ƙafafunsa na zugi da ƙuna, abinci kuma ba ya zama a cikinsa. Likitansa ya ba da shawarar a haɗa mu da masu kulawar sassauci su riƙa zuwa gida, a kawo na'urar oksijin, a fara ba shi mofin kaɗan, maganin nan mai ƙarfi na rage raɗaɗi. Na kira kamfanin inshorar lafiyarmu, wanda ya ɗauki wayar ya ce wannan kulawa ba ta cikin tsarinmu, wai ta masu ciwon daji ce da aka cire rai da su, kuma ko za a amince sai an dakatar da maganin tarin. Da yayana ya ji haka sai ya ce ba da shi ba, yarda da wannan kulawa sallama Baba ne, mofin kuma shi zai ƙarasa shi. Mama ta gaji, ba ta ko runtsawa. Ni ke riƙe da takardu, kowa ni yake kallo. Ina zan sa kaina?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannunku da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka wa Mama da alheri.

Zan fara da abin da ba ya jira. Hakin Baba da zugin ƙafarsa ba za su dakata ba har kamfani ya gama duba takardu. Ki koma wurin likitan da ke dubansa cikin makon nan, ki gaya masa inshora na jan ƙafa, ki tambaye shi abin da zai iya farawa yanzu da kansa. Maganin amai, maganin zugin jijiya, har da mofin na sha, abubuwa ne da likitan asibiti ke iya rubutawa ko ya tura ku wurin mai izinin rubutawa, ba sai wata tawaga ta iso gida ba tukuna. Mofin na sha yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ya cikin magunguna masu tsada. Taƙaddamar kuɗi ta ci gaba a gefe, amma kada Baba ya ƙara kwana a zaune saboda ita.

Yanzu ga maganar da aka gaya miki a waya. Wanda ya ɗauki kiran ya cakuɗa abu biyu, kuma cakuɗin nan ne ya shigo har cikin gidanku ya raba kanku. Kulawar sassauci aiki ne na rage ciwo, ƙarancin numfashi, amai, rashin barci da fargaba ga duk mai fama da ciwo mai tsanani, a kowane mataki yake, kuma ana yin ta kafaɗa da kafaɗa da maganin da ke neman warkarwa. Kulawar ƙarshen rayuwa, wadda ake kira hosfis, reshe ne a cikinta, na lokacin da aka tabbatar magani ya gaza. Sharaɗin nan na dakatar da magani, inda ma yake, na wannan reshen ne kaɗai. A Amurka, alal misali, tun bayan dokar 1982 tsarin Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ke biyan kuɗin hosfis bisa sharaɗi biyu: likitoci su shaida cewa a ƙiyasinsu majinyacin ba zai wuce wata 6 ba, shi kuma ya sa hannu ya haƙura da maganin warkar da wannan ciwon. To amma ko a can, ganin likitan sassauci ana biyansa ne kamar ganin kowane ƙwararren likita, babu sharaɗin barin magani. Tun 2010 ma dokarsu ta ba yaran da ke ƙarƙashin inshorar gwamnati damar haɗa hosfis da maganin warkarwa a lokaci guda. Abin da likitan Baba ya nema kulawar sassauci ce, ba hosfis ba.

Akwai dalilin da ya sa da an ambaci wannan kulawa sai tunanin ma'aikatan inshora ya tafi kan ciwon daji, kuma sanin dalilin zai taimake ki wajen jayayya. Wannan fanni a siffarsa ta zamani ya tsiro ne a Landan a 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's, kuma akasarin waɗanda aka fara jinya a can masu ciwon daji ne. Ciwon daji idan ya yi nisa yana da tafiya da likita zai iya hasashe, don haka aka gina ƙa'idoji da fom-fom a kan wannan tafiyar. Cutar da ƙwayoyin cuta ke kawowa ba ta bin wannan layi. Mutum na iya kaiwa bakin gaɓa ya dawo, yana kuma iya faɗuwa cikin kwana biyu. Duniya ta ga haka ƙarara da cutar ƙanjamau: a 1988 asibitin Mildmay na Landan ya zama gidan jinyar ƙarshen rayuwa na masu wannan cuta, sai ga shi daga 1996, da haɗin magungunan rage ƙarfin ƙwayar ya zo, mutanen da aka fitar da rai da su suka miƙe suka koma bakin aiki. Tarin fuka mai bijire wa magani ma lamarinsa ya sauya a 'yan shekarun nan. A watan Disamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna huɗu na sha, na wata 6, a maimakon tsohuwar doguwar hanya mai kai wata 18 ko fiye. Ki tambayi likitan ko Baba ya dace da wannan haɗin ko an riga an gwada shi. Duk wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin kashe ƙwayar cuta da rage wahalar majinyaci, bai fahimci irin wannan ciwo ba.

Kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa tarin fuka mai bijire wa magani da ƙanjamau da sunansu cikin cututtukan da ke buƙatar kulawar sassauci. A 2010 masana suka taru a Jeniba suka fitar da sanarwa ta musamman kan haƙƙin masu irin tarin Baba na samun wannan kulawa. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 67.19, yana kiran ƙasashe su saka ta cikin tsarin lafiyarsu a kowane mataki. Ƙiyasin hukumar ya nuna mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatarta duk shekara, miliyan 25.7 daga cikinsu ne ke shekararsu ta ƙarshe. Ki lura da wannan lissafi: fiye da rabin mabuƙata ba a shekarar ajalinsu suke ba. Abin takaicin shi ne kusan kashi 14 cikin 100 kawai ke samu. Waɗannan takardu ba sa tilasta wa kamfaninku biya, abin da ke ɗaure shi shi ne yarjejeniyar da kuka sa wa hannu da dokar ƙasarku. Amma suna rushe hujjar nan ta cewa abin na masu ciwon daji ne, kuma ya dace a ambace su a wasiƙar da za a rubuta.

To, ga yadda za ki tunkari kamfanin. Maganar waya maganar fatar baki ce, ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ki rubuta musu buƙatarku, ki nemi amsa a rubuce, su faɗi dalilin ƙin biya su kuma nuna sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi. Sau da yawa a nan ma magana ke canzawa, domin wanda zai sa hannu a takarda ya fi mai amsa waya taka-tsantsan. Ki nemi cikakkiyar takardar yarjejeniyar, mai shafuka da yawa ɗin nan, ba 'yar takardar talla ba. Wuri uku za ki zauna ki karanta da biro a hannu: jerin abubuwan da suke biya, jerin abubuwan da suka keɓe, da shafin da suka bayyana me suke nufi da kowane nau'in kulawa. A shafi na ukun nan ne galibi za ki ga ko abin da suka keɓe hosfis ne kawai. Ki kuma duba ko akwai iyakar kuɗi a shekara, ko iyakar yawan ziyarar nas, ko sai an nemi izininsu kafin a fara, ko kuma dole sai da asibitoci da ma'aikatan da ke cikin jerinsu. Buƙatu da yawa suna faɗuwa ne a kan rashin neman izini tun farko, ba don ba a biyan abin ba. Tun da ke ce mai bin takardu, ki sa Baba ya sa hannu a takardar da ke ba ki izinin magana a madadinsa, in ba haka ba wata rana za su ce ba za su tattauna bayanin majinyaci da ke ba. Kuma komai rintsi kada kuɗin inshorar ya tsallake wata, domin yarjejeniyar da ta yanke tsakiyar jinya da wuya ta dawo yadda take.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Kada ki kai musu buƙatar a dunƙule. Ki warware ta. Me likita ya nema a zahiri? Ganin ƙwararren likita, wanda kusan kowace yarjejeniya na biya. Magunguna, waɗanda ke da nasu babin. Na'urar tace oksijin, wadda ke shiga babin kayan jinya na gida, kuma wasu kamfanoni haya suke biya ba saye ba. Ziyarar nas a gida, wadda a yarjejeniyoyi da dama tana ƙarƙashin jinyar bayan sallama daga asibiti. Gwaje-gwajen jini da na zuciya. Mai gashin ƙashi da motsa jiki, don koya masa dabarun numfashi. Kamfanin da ya ce ba ya biyan kulawar sassauci yana iya zama yana biyan huɗu ko biyar daga cikin waɗannan ba tare da gardama ba, in an nemi kowanne a babinsa. Wannan ba wayo ba ne kuma ba ha'inci ba ne, neman haƙƙi ne ta ƙofar da aka tanada. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a roƙi likita ya rubuta abin da ba haka yake ba, domin ranar da aka gano, duk yarjejeniyar na iya rushewa a kanku.

Akwai wata 'yar lamba da ke iya kawo cikas, kuma ba kowa ke lura da ita ba. Asibitoci suna tura wa inshora takardar neman biya ne da lambobin cututtuka na tsarin ƙasa da ƙasa. Tarin fuka na huhu da gwaji ya tabbatar yana ƙarƙashin A15, kulawar sassauci kuma Z51.5 ce. Idan ma'aikacin lissafi ya sa Z51.5 a matsayin babban dalilin jinya, kwamfutar kamfanin na iya watsi da takardar kafin ɗan Adam ya ganta. Ki je ofishin lissafin asibitin ki roƙi a nuna miki yadda aka cike. Babban ciwon Baba tarin fuka ne da lalacewar huhu, shi ya kamata ya zo a sama, sauran su biyo baya.

Sai wasiƙar likita, wadda ita ce ƙashin bayan ƙarar. Likitoci ba su da lokaci, in ba ki faɗi abin da kike so a ciki ba, layi uku za a ba ki. Ki roƙe shi ya fara da cewa maganin tarin na ci gaba kuma ba a da niyyar dakatar da shi. Ya kawo lambobi: awon oksijin na jinin Baba yana zaune da kuma in ya ɗan taka, domin tsare-tsaren inshora da dama suna amincewa da oksijin na gida ne idan awon ya sauka zuwa 88 cikin 100 ko ƙasa. Nauyinsa a farkon jinya da na yau. Zafin ciwo a ma'aunin 0 zuwa 10. Sau nawa aka garzaya da shi sashen gaggawa, kwana nawa ya yi a gado kowane zuwa. Sannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙwararre ake buƙata, kuma a nan hujjarku na da ƙarfi sosai. Maganin linezolid, wanda ke cikin haɗin da ake ba masu irin wannan tari, sananne ne wajen taɓa jijiyoyin ƙafa, mai yiwuwa ma shi ke kawo ƙunar da Baba ke ji, don haka lallai likitan tarin ya san da ita ko zai rage adadin. Wannan maganin ba ya jituwa da tramadol, haɗa su na iya jawo haɗari, shi ya sa kada kowa ya sayo wa Baba maganin ciwo da ka. Bedakwilin kuma, wanda shi ma ke cikin haɗin maganin tarin, yana shafar bugun zuciya, wasu magungunan amai ma haka, sai an zaɓa da ilimi ana duba zuciyar. Duk wannan aikin masana ne. A ƙarshe likitan ya faɗi abin da zai biyo baya in an ƙi: dawowa asibiti a kai a kai, a ɗakin keɓewa. Kamfanin inshora ya san kwana ɗaya a irin wannan ɗakin ya fi ziyarar nas a gida tsada nesa ba kusa ba, kuma wannan harshe ne da suke ji.

Idan takardar ƙi ta zo, ki duba wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, ki rubuta shi inda za ki gani. Ki nemi a duba ƙarar da gaggawa, likita ya shaida cewa jinkiri na cutar da majinyaci. A Amurka doka ta ba mai inshora kwana 180 ya ɗaukaka ƙara, ta kuma wajabta wa kamfani yanke hukunci cikin awa 72 idan lamarin na gaggawa ne. Kowace ƙasa da nata wa'adin, ki tambayi na wurinku. Ki roƙi likitan Baba ya yi magana kai tsaye da likitan kamfanin, domin kiran minti goma tsakanin likita da likita na warware abin da wasiƙu suka kasa. In kamfani ya kafe, akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora ko ofishin sauraron koke, kuma a wurare da dama kai ƙara can kyauta ne. In ta wurin aiki aka yi inshorar, ki sanar da ofishin ma'aikata, su ne suka ƙulla cinikin, muryarsu ta fi taki nauyi a kunnen kamfanin. Ki tanadi littafi guda: ranar kira, lokaci, sunan wanda ya amsa, lambar koke, abin da aka ce. Duk abin da kuka biya daga aljihu a wannan tsakanin, ki adana rasit, ki nemi a mayar muku in ƙarar ta yi nasara.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai yarjejeniyoyin da da gaske suka keɓe jinyar gida, akwai ma waɗanda suka cire tarin fuka da ƙanjamau ɗungurungum bisa cewa gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu. In taku irin wannan ce, hanya ba ta ƙare ba. Da farko ki bincika ko dokar ƙasarku ta shimfiɗa mafi ƙarancin abin da dole kowace inshora ta biya, domin doka na gaba da yarjejeniya. A Jamus tun 2007 mai inshorar gwamnati na da haƙƙin samun ƙwararrun masu kulawar sassauci har gida idan halinsa ya kai. A Ingila dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa hukumomin lafiya na yankuna tanadar wannan kulawa. Yuganda, wadda ba mai arziki ba ce, tana ba da mofin na sha kyauta, kuma tun 2004 ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Na biyu, shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa: a ƙasashe da yawa shi ke ba da maganin kyauta, wasu kuma na da ma'aikatan da ke bin majinyata gida da tallafin abinci ko na sufuri. Na uku, jami'in jin daɗin marasa lafiya na asibitin, wanda aikinsa ke nan amma mutane ba sa nemansa. Shi ya san ƙungiyoyin agaji masu jinya a gida da inda ake aron na'urar oksijin.

Bari mu dawo kan yayanki. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron kada a ce da hannunsa aka saki mahaifinsa, kuma mai amsa wayar nan ya ba shi dalilin jin tsoron. Gardama a tsakar gida ba za ta sauya shi ba. Ki tafi da shi wurin likita, ya yi tambayarsa da bakinsa: shin za a dakatar da maganin tarin? Shin mofin zai taƙaita ran Baba? Ya ji amsa daga mai ilimin abin. Abin da zai ji shi ne, mofin da ake bayarwa don haki ɗan kaɗan ne, ana farawa daga ƙasa ana ƙarawa a hankali ana lura, kuma a haka ba ya gaggauta ajali. Yana rage jin shaƙewar nan da ke hana mutum kwanciya. Yana da nasa matsalolin da ya kamata ku sani: yana ɗaure ciki, don haka ake haɗa shi da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko, yana kuma iya kawo gyangyaɗi ko tashin zuciya a kwanakin farko. In kuka ga Baba na wuyar tashi daga barci ko numfashinsa ya yi jinkiri ƙwarai, a kira likita nan take kafin a ba da na gaba. A kulle maganin inda yara da baƙi ba za su kai ba, mutum ɗaya ya riƙa bayarwa yana rubutawa.

Hujjar da nake ganin za ta fi shiga zuciyar yayanki ita ce ta amai. Duk ƙwayar maganin tarin da Baba ya amayar, magani ne da bai shiga jini ba, kuma tsallake magani shi ke ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai. Mutumin da bai yi barci ba, bai ci ba, ƙafarsa na ƙuna, shi ne wanda wata rana zai kawar da kai ya ce ya gaji da haɗiyar magani. Don haka mai son Baba ya kammala maganinsa ya warke, shi ya fi kowa buƙatar a tsayar da aman nan a kwantar da zugin. Akwai wani bincike da aka yi a Boston aka wallafa a 2010 kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu: waɗanda aka haɗa wa kulawar sassauci tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa wata 8.9. Ciwon daji ne ba tari ba, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba, amma ya isa nuna cewa rage wa mutum wahala ba ya nufin an tura shi kabari.

A duk wasiƙarki ban ji muryar Baba ba. Likita ya faɗi nasa, kamfani ya faɗi nasa, Yaya ya faɗi nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muddin yana cikin hayyacinsa, shawarar tasa ce. Ki zaɓi lokacin da numfashinsa ya ɗan lafa, ki tambaye shi me ya fi damunsa, ko ya fi son zama a gida ko a asibiti, da kuma wanda yake so ya yi magana a madadinsa in ya kasa. Tambayoyi ne masu nauyi a bakin 'ya, na sani, kuma ana iya roƙon likita ko nas su buɗe zancen kuna zaune. Haka nan ki daure ki tambayi likitan a keɓe: a ganinsa maganin na ci? Me gwajin majina na baya-bayan nan ya nuna? In amsar mai daɗi ce, kin sami ƙarin hujja ga kamfani. In ba mai daɗi ba ce, gara ku sani da wuri ku shirya, kuma a lokacin ne za a duba babin hosfis na yarjejeniyar da idon basira, da yardar Baba.

Kafin duk wannan ya kankama, akwai abin da za ku iya yi a daren yau. Ƙaramar fanka da ke kaɗa iska a fuskarsa tana rage jin shaƙewa, abu ne da masu wannan aiki suka daɗe suna amfani da shi. Ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, hannuwansa a kan filo ko ƙaramin tebur, ya riƙa fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a cika masa kwano. Tun da huhun ya lalace, tari da jini na iya zuwa: ku ajiye tawul mai duhun launi kusa da gado don kada ganin jinin ya firgita shi, ku kuma tambayi likita tun yanzu yawan jinin da in an gani sai a garzaya asibiti, da lambar da za a kira da tsakar dare.

Mama kuma dole a karɓe ta. Ku raba dare tsakaninku, yayanki ya ɗauki nasa kason, domin wanda ya kwana biyu a gefen gadon nan zai fahimci abin da likita ke nufi fiye da duk bayanin da za ki yi masa. Ki tambayi kamfanin ko suna biyan mai jinya na 'yan kwanaki don mai kula da majinyaci ya huta, wasu yarjejeniyoyin na da wannan babin. Sannan ku kare kanku. Har sai likita ya tabbatar Baba ya daina yaɗa cutar, ya kwana a ɗaki shi kaɗai in da hali, tagogi a buɗe, mai shiga ya sa takunkumi irin N95, a nisanta ƙananan yara da duk mai raunin garkuwar jiki. Duk wanda ke kwana a gidan, har da ke, ya je a gwada shi ko ba ya tari, kuma a fara da Mama, tun da ita ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Wannan gwajin ki fara nemansa a cibiyar da ke ba Baba maganin tarin, domin bin sawun mutanen gida na cikin aikinsu.